Motar Da Ba Ta Son Fasinja

Sunana Lawal, rewaya ne ni, wato mai gyaran wayar wutar mota, kuma na haura shekara talatin ina wannan aiki a wani gareji da ke bayan Ƙofar Durbi. Kwanan baya wasu samari suka zauna a bencina suna jiran in gama wa abokinsu aiki, sai na ji ɗaya yana cewa ai gyaran wuta ba wani abu ba ne, ja a haɗa da ja, baƙi a haɗa da baƙi, abin da ya gagara kuma a buɗe bidiyo a wayar hannu a kalla. Ban tanka masa ba, don a lokacin kaina yana ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna suna waje. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Ba haushi na ji ba, dariya ce ta kusa sa in buga kai da ƙarfen burki. To ga amsar da ban ba shi ba ran nan, shi da ire-irensa masu kwance motar gida da safe su turo mana ita da la'asar.

Aikin farko da na fara gane cewa sana'ar nan ba ta hannu kaɗai ba ce, wata tsohuwar a-kori-kura ce aka kawo wa maigidana, marigayi Malam Sanda. In an taka burki sai fitilun gaba su yi ja-ja, in an kunna sigina sai duk fitilun baya su riƙa ƙiftawa tare. Ni ina tsaye da filaya a hannu ina jiran a ce in buɗe bonet, shi kuwa Malam Sanda ya jawo wa mai motar kujera, ya sa aka kawo masa ruwa, ya shiga tambayarsa. Ina kake zuwa da ita? Me kake ɗauka? Ina take kwana? Ni dai a raina na ce tsohon nan hira yake so. Da mutumin ya ce duk daminar nan takin zamani yake jigila, sai maigidana ya miƙe, bai ko kalli inji ba, ya zagaya baya ya kwanta a ƙasa. Takin ya zuba ya ci ƙarfen da wayar ati take kamawa, wato wayar da ke mayar da wuta jikin mota, tsatsa ta cinye wurin. Ya kankare da takardar yashi, ya ɗaure noti, aiki ya ƙare.

Shekara guda cur na yi a hannunsa bai bari na yanke waya ko ɗaya ba. Wanke kan batir da ruwan zafi, feƙe bakin waya, narka dalma, riƙe masa fitila, su ne aikina. Ya ce duk wayar da ban bi ta da yatsa daga inda ta fito zuwa inda ta nufa ba, ba ni da izinin sa mata wuƙa. Ran da na yi gigin ɗaure wani fis da ya ƙone da zaren waya don in burge mai mota, sai da ya sa na kwance shi a gaban mutumin, sannan ya ce in faɗa da bakina abin da fis yake yi. Na ce yana ƙonewa ne don kada mota ta ƙone. Ya ce to me ya sa na hana shi aikinsa? Ban sake ba.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma mafi tsufa a cikinsu ita ce fitilar gwaji da na haɗa da kaina: ƙwan fitila ɗaya, waya biyu, ɗaya da maƙali, ɗaya da tsinken ƙarfe da na ciro daga ƙafar keke na wasa bakinsa. Sai filaya biyu, sukudireba iri-iri, wuƙa, dalma, salatif, da mita. Da motoci masu kwamfuta suka cika gari na daɗe ina zaginsu, daga baya na haƙura na sayi na'urar da ake jona musu ta faɗi inda ke ciwo. Tana da amfani, ba zan yi mata ƙarya ba. Sai dai za ta ce maka famfon mai ba ya samun wuta, ba za ta ce maka wa ya hana shi ba. Wannan kai za ka nemo, da gwiwarka a ƙasa.

Masu kawo mana aiki kuwa, maganarsu ta farko kusan iri ɗaya ce: «Wallahi ban taɓa komai ba, haka kawai ta yi.» Ka buɗe ka ga sabon salatif yana ƙyalli, ka ga waya mai launin da ba a taɓa ƙera motar da shi ba, shi kuma yana tsaye yana kallon sama. Da can masu irin wannan ba su da yawa. Abin ya yi ƙamari ne a shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabi. Shekarar nan mun ji jiki. Manyan ma'aikata suka jingine motocinsu suka rufe da tamfol, garejin nan sai mu wuni muna kallon juna ni da Iro mai faci, maƙwabcina. Har gyaran fankar sama da ta ƙasa na koma yi, da haɗa wa masu shaguna fitilar sola. Waɗanda ba su jingine motar ba kuma suka daina zuwa wurinmu, kowa ya zama makanikin kansa. Da al'amura suka ɗan lafa, duk ɓarnar da aka yi a tsakar gida sai ta dawo hannunmu, kuma a cikinta ne motar Mannir ta zo.

Mannir ɗan wani ƙauye ne da ke gaba da Batagarawa. Ya daɗe yana acaɓa a cikin gari, ya sayar da babur ɗin da wasu tumakinsa ya sayi tsohuwar mota ƙarama, ya samu aka sa shi a layin lodi na wata tasha, yana ɗaukar fasinja zuwa kasuwannin ƙauyukansu. Irin lodin da kuka sani ne, biyu a gaba, huɗu a baya, but kuma a cika shi har sai an ɗaure da igiya. Motar ita ce duk abin da ya mallaka, da ita yake ci da matarsa da 'ya'ya biyu da mahaifiyarsa. Da hantsi ya shigo da ita, kuma tun daga bakin hanya na san na yi baƙo. Fitilu shuɗaye a ƙarƙashin bamba, oda irin ta babbar mota, sifika biyu a baya, ga wani jeren soket na cajin waya an manna a jikin kujera.

Muka gaisa, ya durƙusa har ƙasa. Na tambaye shi mutan gida, ya tambaye ni iyali da aiki, sannan ya ce:

«Baba, wagga mota ta ishe ni. Muna cikin tahiya sai ta mutu. In yi ta murza makulli, ta tashi ta sake mutuwa. Amma da hwasinja sun sauka za su tura, in na murza sai ta tashi garau. Su koma ciki, mu ɗan taɓa tahiya, ta sake.»

«Mi ka taɓa a wayarta?»

Ga mamakina bai ce bai taɓa komai ba. Ya lissafa mini tiryan-tiryan: fitilun, odar, sifikun, soket ɗin caji, duk shi ya sa da hannunsa, yana kallon bidiyo yana yi. Ya ce soket ɗin ma su ke jawo masa fasinja, don mutanen ƙauye kafin a isa kasuwa wayarsu ta ɗan samu wuta. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce a tasha har suna aka sa wa motar, wai mai ƙin mutane. Wasu na cewa sammu aka yi masa, wata tsohuwa ta ce motar da aljanu aka sayar masa da ita. Ya kai ta an yi mata tofi, an sauya mata filogi, an wanke tanki, duk a banza.

A nan ne na yi kuskuren da ya sa nake ba da wannan labari, don ba Mannir kaɗai ya yi wauta ba. Da na ga fitilun nan shuɗaye na riga na yanke hukunci. Maganar saukar fasinja ta shiga ta kunnen nan ta fita ta wancan, na ɗauka irin surutun tasha ne. Na buɗe akwatin fis, na tarar da na famfon mai an naɗe shi da jar waya, ya yi baƙi. Na ɗaga masa shi a gaban Iro.

«Wa ya yi wanga aiki?»

«Ni ne, Baba. Sau ukku yana ƙonewa, sai na ga a ɗaure shi ya hi sauƙi.»

Na yi masa faɗan da Malam Sanda ya yi mini, har da ƙari. Daga nan na shiga tsige duk abin da ya ƙara wa motar. Na cire fitilun, na cire odar, na cire sifikun da soket ɗin, na tara masa su a kwali, yana tsaye yana kallo kamar ana rushe masa ɗaki. Na ce su ne ke jan wuta fiye da ƙima. Na sa sabon fis daidai lambarsa, na tayar da mota, ta yi awa guda tana aiki a tsaye ba ta ko yi tari ba. Muka zaga da ita ni da shi har Ƙofar 'Yandaka muka dawo, lafiya lau. Na buga bonet na ce ya tafi, ya kuma daina yi wa mota kwalliya kamar amarya.

Washegari kafin azahar sai ga motar an jawo ta da igiya a bayan wata a-kori-kura. Ta mutu da cikakken lodi kafin a kai Batagarawa, kuma wannan karon ko da fasinja suka sauka ba ta tashi ba, saboda sabon fis ɗina ya ƙone kamar yadda ya kamata. Mutane shida da kayan kasuwarsu suka yi tsaye a rana, wata mai man gyaɗa ta rasa cinikin ranar. Mannir ya sauko idonsa ja. Bai ɗaga mini murya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

«Baba, da can in sunka sauka tana tashi. Yanzu ko hakan ta daina.»

Ya ce ciyaman ɗin tasharsu, Alhaji Garba, ya kira shi gaban kowa ya ce haƙurin mutane ya ƙare. Ya ba shi zuwa Laraba, ranar babbar kasuwa. Shi da kansa zai shiga motar, in ta mutu ko sau ɗaya za a goge lambarta daga allon lodi a ba wani gurbin. Ranar Litinin muke wannan magana. Mannir ya ce har masu sayen gwangwan sun fara zagaya shi suna tambaya ko zai sayar, kuma in ya sayar a farashinsu ko babur ba zai mayar ba. Kunya ta kama ni sosai, don ni ne na buga bonet na ce ya tafi.

Yinin nan gaba ɗaya a kanta na ƙare shi. Yanzu na san wayar famfon mai tana haɗuwa da ƙarfe a wani wuri, tunda ga fis ya shaida. A irin motar, famfon yana cikin tanki ne, tankin kuma yana ƙarƙashin kujerar baya. Na ɗage kujerar na jingine ta gefe ba tare da na ko dube ta ba, na gwada famfon, lafiyarsa ƙalau. Na bi wayar daga akwatin fis, ta gefen ƙofa, har inda ta shige ƙarƙashin kafet, na girgiza ta, na ja ta, na sa mita, babu komai. Na mayar da kujera, na sa wani fis, mota ta tashi tana waƙa. Na jijjiga ta, na hau da ita kan duwatsu, ta ƙi mutuwa. Irin wannan cuta ita ce mafi wahala a sana'armu, wadda ke ɓuya in ta ga mai gyara.

Da safen Talata Mannir ya riga ni zuwa. Maimakon in ɗauki filaya, sai na jawo masa kujera na sa aka kawo mana shayi, na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na ce ya ba ni labarin motar daga ran da ta fara, kada ya tsallake komai. Ta taɓa mutuwa yana shi kaɗai? Ya ce ko sau ɗaya. Da fasinja uku fa? Ya yi tunani ya ce bai tuna ba, sai dai in ta cika. A kwalta mai kyau ko a gargada? Ya ce galibi in an faɗa rami ko an hau tudun rage gudu. In but ya cika da buhuna amma babu mutane? Ya ce ya sha ɗauko masara buhu huɗu, ba ta yi komai ba. Na ajiye kofin shayina. Yaron nan ya gaya mini cutar tun a gaisuwar farko, ni ne ban saurara ba. Motar ba a taɓa gwada ta a yadda take aiki ba, kullum fanko muke gwada ta.

Na cire soket ɗin famfon don kada a yi wasa da wuta kusa da mai, na mayar da kujera mazauninta. Na zare fis na jona fitilar gwajina a gurbinsa, na ba layin wuta kai tsaye, na rataye ƙwan a madubi inda kowa zai gani. Muddin wayar ba ta taɓa ƙarfe ba, ƙwan ba zai kama ba. Sannan na fita neman fasinja. Na kira mai shayi, na kira wani fenta da ke gefenmu, na kira wani bawan Allah da ya zo shan iskar taya, na ce su taimaka su zauna a baya. Suka shiga suna dariya. Ƙwai shiru. Saura mutum ɗaya, sai na leƙa rumfar Iro. Shi Iro ƙato ne, in ya zauna a benci, sai wanda ke ɗaya gefen ya riƙe wani abu.

«Malam Lawal, ina za mu? In Abuja ce bari in sauya riga.»

«Shiga tsakiya dai, kai ne babban baƙonmu.»

Aka fito aka ba shi hanya, ya kutsa tsakiya da ƙyar, sauran suka matse shi aka rufe ƙofa. Motar ta yi ƙasa. Ƙwai shiru. Na ce a raina ko na sake yin kuskure ne. Sai na ce su ɗan yi tsalle a zaune kamar an faɗa rami. Iro ya ɗaga ya dawo da ƙarfi, ƙwan ya haska fau! Mannir ya yi salati. Na ce Iro ya ɗaga, ƙwan ya mutu. Ya zauna, ya kama. Sai da muka yi haka sau biyar, mai shayi yana ta kabbara, Iro kuma yana cewa a shaida, yau ƙibarsa ta yi rana.

Da suka fita na ɗage kujerar, wannan karon na kifa ta. A ƙarƙashinta an shimfiɗa katako mai faɗi, an ɗaure shi da kusoshi masu murɗi, dogaye, bakin uku daga ciki ya leƙo waje. Na yaye kafet daidai saitin ƙusar tsakiya, sai ga wayar famfon da ɗan rami kamar cizon ƙwaro, gefensa ya ƙone ya yi baƙi. In babu nauyi, ƙusar tana sama ba ta taɓa komai. In mutum huɗu suka zauna aka faɗa rami, katakon ya lanƙwasa, ƙusar ta huda kafet ta danne wayar a jikin ƙarfen mota, wuta ta zube, famfo ya tsaya. Su sauka, ƙusar ta ɗaga.

«Mannir, wanga katako hwa?»

«Ni na sa, Baba. Kujerar ta lotsa, mata suna kukan ƙarhe yana cin su.»

«To don mi ba ka hwaɗa mani ba?»

«Ai cewa ka yi mi na taɓa a waya. Wanga aikin kahinta ne, ban ɗauka ya shahi wuta ba.»

Gaskiyarsa ce, haka na tambaye shi. Na nuna masa baƙin da wayar ta yi, na nuna masa cewa tazarar wurin da murfin tanki ba ta kai tsawon tafin hannu ba. Na ce duk watannin da ya yi da fis a ɗaure, abin da ya tsare shi bayan ikon Allah shi ne motar tana yanke wa famfo wuta da kanta in inji ya mutu. Ba don haka ba, da wani labarin ake yi, da mutum shida a ciki. Ya zauna a ƙasa yana kallon wayar.

Gyaran kansa bai kai awa ɗaya ba. Na yanke inda ya ƙone, na jona sabuwar waya da dalma, na zura ta cikin tiyo, na sauya mata hanya ta bi gefe inda babu mai zama a kanta. Katakon ban cire shi ba, don dabara ce mai kyau, kujerar ta yi ƙarfi da shi. Kusoshin kawai muka sauya da gajeru, muka goge bakinsu. Daga nan na ce ya ɗauko kwalin kayansa. Ya dube ni kamar bai ji ba. Na ce kayan nan ba su yi laifin komai ba, ni ne na ɗora musu. Da na duba yadda ya haɗa soket ɗin caji da idon basira, sai na ga aikin ya fi na wasu da ke kiran kansu rewaya tsafta. Muka mayar da su tare, kowanne da nasa fis, odar muka sa mata rile don kada ta ƙone makunni. Shi yake ɗaurewa ina gaya masa dalili. Fitilun shuɗaye kaɗai na ce ba da hannuna ba, ya yi dariya ya ce dama matarsa ma ba ta son su.

To ku samari, ban ce kada ku taɓa motocinku ba. Ku taɓa, zamanin ku ne, kuma abin da kuke gani a bidiyon nan wani lokaci ni ma ina ƙaruwa da shi. Amma ku sa abu ɗaya a lokaci ɗaya, ku yi kwana biyu kuna hawa kafin ku ƙara wani, don in ta ɓaci ku san wa za ku kama. Kafin ku huda ko ku buga ƙusa, ku leƙa ku ga abin da ke bayan wurin. Fis in ya ƙone magana yake yi muku, kada ku toshe masa baki. In kuka zo wurinmu kuma, ku faɗi duk abin da hannunku ya taɓa, ko da labule ne kuka rataya. Mai bidiyon nan bai san mutum huɗu ake zubawa a kujerar baya ba.

Ranar Laraba na rufe gareji na bi Mannir tasha, don na ce in za a ji kunya a ji da ni. Alhaji Garba ya fito da babbar riga, mutum ne mai jiki, bai kai Iro ba amma ba a raina shi. Muka gaisa, ya ce:

«Malam Lawal, ashe kai ne likitan? To wallahi ba sani ba sabo. In ta tsaya, ta tsaya ke nan.»

«Na yarda, Alhaji. Alhwarma ɗaya nike nema, ka zauna baya, a tsakiya.»

Ya harare ni, don ciyaman gaba yake zama, amma ya shiga. Samun sauran fasinjan sai da aka yi lallashi, kowa ya ga motar sai ya ce yana jiran wani. Da ƙyar aka samu dattijo ɗaya da mata biyu, ɗayarsu ita ce mai man gyaɗar nan, ta ce ta shiga ne kawai don idon Alhaji. Ni da wani muka matsu a gaba. Aka cika but, aka ɗaure, Mannir ya yi bismilla ya tayar. 

Muka fita daga gari. Muka hau tudun farko, ta wuce. Muka wuce Batagarawa, muka sauka daga kwalta muka kama hanyar ƙauye. Can gaba akwai wani kwazazzabo da ruwa ya ci, Mannir ya ce mini a hankali nan ne ba ta taɓa tsallakewa da rai ba. Na waiwaya, sai na ga mai man gyaɗa ta riga ta tattara zanenta ta ɗora hannu a kan mabuɗin ƙofa, dattijon kuma ya cire takalmansa ya riƙe, sun shirya turi. Mannir ya rage gudu zai lallaɓa. Alhaji Garba ya ce daga baya:

«A'a, kada ka lallaɓa ta don ni. Shiga yadda ka saba.»

Ya shiga. Motar ta faɗa ramin, Alhaji ya tashi sama ya dawo da dukkan nauyinsa, galan ɗin mai suka yi ƙara a but. Inji bai ko sauya murya ba, ta haye ta ci gaba da tafiya. Muka ɗan yi nisa, kowa yana jira. Sai dattijon ya sunkuya ya mayar da takalmansa. Mai man gyaɗa ta saki ƙofa, ta kwance bakin zanenta ta ciro wata 'yar ƙaramar waya ta miƙa gaba.

«Direba, sa mani caji. Kuma in an tashi kasuwa kada ka tahi ka bar ni, da kai za ni koma.»